Rijiyoyin unguwarmu: littafin aikin bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na buɗe wannan littafi. Aikin digiri na biyu ne, amma ba don takarda kaɗai nake yinsa ba. A wannan unguwa ta kudancin Kaduna aka haife ni, ruwan rijiyarta na sha na girma, kuma tun ina yaro nake ganin duk farkon damina sai an yi ta jigilar yara zuwa asibiti da amai da gudawa, a ce canjin yanayi ne. Abu biyu nake son in sani: ina ruwan da ke ƙarƙashin gidajenmu ya dosa, kuma me yake kwasa a kan hanyarsa.

Unguwar a kan gangare take. Daga masallacin Juma'a da ke kan tudu ƙasa take ta sauka har zuwa ƙoramar da ke zuba a Kogin Kaduna. Na zaɓi rijiyoyin hannu 18 da burtsatse 3, na ba su lamba daga R1 a kan tudu zuwa R18 a bakin fadama. A littafi kawai lambobin suke, ban shafa fenti a bangon kowa ba, kuma ba zan rubuta sunan mai gida ko ɗaya ba.

Da la'asar na je gaida mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, izini nake nema in auna rijiyoyin jama'arka." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, in dai ba haraji za ka jawo mana ba, Allah ya yi albarka." Ya haɗa ni da wani dattijo ya zaga da ni. Gidaje 11 cikin 18 ba shiga ne, don haka ƙanwata da ke karatun aikin jinya ta yarda za ta riƙa shiga ta yi awo, ni in tsaya a zaure da littafi.

Talata, 15 ga Afrilu

Sayayya. Na'urar auna zurfin ruwa ta kanti kuɗinta ya fi ƙarfina, sai na haɗa tawa: waya mai harshe biyu mita 25, na ɗaura mata noti a ƙarshe don nauyi, sama kuma batir da ƙaramin ƙwan fitila. Da bakin wayar ya taɓa ruwa fitila za ta kawo. Wani maƙeri a Panteka ya yi mini abin naɗe ta. Duka naira 11,500. Tef ɗin awo 6,000. Alƙalamin auna gishirin ruwa da na auna tsami 34,000. Tiyo mai gani-har-hanji irin na magina, mita 30, naira 9,000. Keke 2,400.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Awon farko ya lalace, kuma na gane dalili. Mun fara da hantsi, bayan mata sun gama ɗiban ruwan wanke-wanke. R6 da R7 tazararsu ba ta kai mita 20 ba, amma ruwan R7 ya fi na R6 zurfi da mita ɗaya da rabi. Da ƙanwata ta tambaya, ashe 'yan ga-ruwa sun cika kura biyu a R7 tun da sassafe. Abin da na auna ramin da guga ya bari ne, ba matsayin ruwan ƙasa ba. Rijiya sai ta kwana ba a taɓa ta ba take komawa daidai da ruwan da ke kewaye da ita.

Daga yanzu awo sai bayan sallar asuba, ranar Asabar kawai, kuma ranar Juma'a da daddare za mu bi gida-gida mu roƙi a yi mana haƙuri da guga har mu wuce. Wata tsohuwa ta ce wa ƙanwata, "'Yar nan, ruwan alwala fa?" Mun daidaita a kan za su ɗebi na alwala tun dare.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na wuni da Baba mai haƙar rijiya. Ya ce rabin rijiyoyin da ke jerina shi ya haƙa su ko ya yashe su. Na ce, "Baba, in ka fara haƙa a kan tudu me kake tararwa?" Ya zana mini da tsinke a ƙasa. Da farko ƙasar sama, kamu biyu ko uku. Sai marmara ja mai tauri wadda ke cin bakin diga. Ƙarƙashinta laka mai danƙo, ja da fari a cakuɗe. Sai abin da ya kira ruɓaɓɓen dutse, mai ƙyalƙyali, wanda in ka murza a hannu yake marmashewa. "A nan ruwa yake," in ji shi. "In ka wuce nan ka iske uban dutse, sai ka ajiye diga."

Abin da ke cikin littattafan ilimin duwatsu ke nan, babu ragi. Kaduna a kan tsohon dutsen gindi take zaune, dangin giranit da nayis, waɗanda ba su da ƙofofin riƙe ruwa sai inda suka ruɓe ko suka tsage. Shi ya sa ruwanmu hawa biyu ne: na cikin ruɓaɓɓen dutse wanda rijiyar hannu ke sha, da na cikin tsagogin dutse a can ƙasa wanda burtsatse ke nema. Ba kamar Maiduguri ko Sakkwato ba, inda ake da shimfiɗun yashi masu kauri da ke ɗauke da ruwa. Namu siriri ne, kusa da sama yake, kuma damina ce ke cika shi kowace shekara. Kusancin nan shi ne rahamarsa, don talaka na iya kai masa da diga, kuma shi ne rauninsa.

Baba ya faɗi wani abu da na ja wa layi. Ya ce marmara ba a toshe take ba, akwai ramukan gara da na tsofaffin saiwoyi a cikinta, wani har yatsa na shiga. Ya ce da damina ya sha ganin ruwa na tsartuwa daga irin waɗannan ramuka alhali bai kai ga idon ruwa ba.

Na ba shi 3,000 na goro. Da ƙyar ya karɓa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Awon asuba ya tafi lafiya. R1 mita 9.6 daga baki zuwa ruwa, R18 mita 3.1. R3 ta ƙafe sai taɓo.

Amma zurfi kaɗai ba ya nuna inda ruwa ya nufa, sai an san tsayin bakin kowace rijiya a kan 'yar'uwarta. Na gwada manhajar waya, ta ba ni tsayi uku daban-daban a wuri ɗaya, bambancin har mita 7. Na koma ga tiyon magina: a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa, ruwan ya tsaya daidai a kowane gefe, a auna, a matsa gaba. Kwana uku muna yi ni da ɗan wana. Da muka zagayo muka dawo inda muka fara, maimakon lissafi ya koma sifili sai ya bar santimita 46. Wannan kuskure ya isa ya juya kibiyar ruwa a tsakanin rijiyoyin da ke kusa da juna. Ina zargin kumfar iska a cikin tiyon, da kuma rana da ke dumama gefe ɗaya. Kwana uku sun tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abincin dare.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na je ɗakin karatu na cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando, na kwafo bayanan haƙar burtsatse na yankunan dutsen gindi. Malamin da ke duba aikina ya yi alƙawarin samo mini aron na'urar safiyo. Hadari ya haɗu da yamma, iska ta watsa shi.

Asabar, 3 ga Mayu

Na'urar safiyo ta zo ranar Alhamis tare da wani ɗalibi da ya iya ta. Wuni ɗaya muka gama, kuskuren zagaye santimita 2. Na biya shi 10,000 da abincin rana.

Daren jiya na zauna da takarda. In ka cire zurfin ruwa daga tsayin bakin rijiya, sai ka sami tsayin fuskar ruwan. Rijiyoyi uku sun isa su nuna maka gangaren wannan fuska, ni kuwa ina da 17 masu ruwa. Hoton ya fito sarai: ruwan ƙasa yana bin gangaren unguwa, daga masallacin Juma'a zuwa ƙorama. Tsakanin R2 da R17 akwai mita 420, fuskar ruwa ta sauka da mita 8.4, wato mita 2 a kowace mita 100.

Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, shi ya fitar da ƙa'idar wannan tafiya a 1856 lokacin da yake aikin ruwan garin Dijon. Ya tura ruwa ta cikin bututu mai cike da yashi, ya ga yawan ruwan da ke wucewa ya danganta da gangaren ruwan da kuma sauƙin da ƙasar ke ba shi. Gangare na samu. Saura sauƙin ƙasa.

Da na ɗora taswirar masai da sokawe a kan ta ruwa, jikina ya yi sanyi. Shawarar da masu aikin tsafta suka saba bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwa. Filotinmu ƙafa 50 ne a 100, kusan mita 15 a 30, kuma gado ya raba da yawa gida biyu ko uku. Ina za a samo mita 30? Ko mutum ya kai masansa ƙarshen gida, ya kai shi ne jikin katangar maƙwabci, rijiyar maƙwabcin kuma tana bayan katangar. Cikin 18 babu rijiya ɗaya da ta cika sharaɗin. Mafi kusa ita ce R14, mita 6 daga masan gidan da ke samanta.

Alhamis, 8 ga Mayu

An baza magana cewa gwamnati ce ta turo ni in ƙidaya rijiyoyi don a toshe su. Gidan R9 sun hana ƙanwata shiga. Ban yi jayayya ba. Na roƙi liman ya ba ni minti biyar bayan sallar isha'i, na nuna wayar awo da littafin nan, na ce duk mai so ya karanta. Mai gidan R9 bai ce komai ba, amma da safe ya aiko ɗansa ya ce a zo.

Talata, 13 ga Mayu

Gwajin sauƙin ƙasa a R11. Na yi hayar injin ban-ruwa da janareto 8,000, mai 4,500. Muka zuƙe ruwan ya sauka da mita ɗaya da santimita 20, muka kashe inji, na zauna a bakin rijiya ina auna dawowarsa, da farko duk minti biyar, daga baya duk rabin awa, har magariba. Ruwan da muka zuƙo bai tafi a banza ba, matan layin sun kawo bokitai da jarkoki.

Na yi lissafi da hanyar da masana biyu, Bouwer da Rice, suka fitar a 1976 don gano sauƙin ƙasa daga saurin dawowar ruwa a rijiya, ya ba ni kusan rabin mita a rana. Na san rijiya mai faɗin baki ba ta ba da amsa tsaf, kuma gwaji ɗaya ne, don haka zan maimaita a wasu biyu. Amma in na ɗauki wannan, na haɗa da gangaren 2 cikin 100, na ƙaddara cewa kashi ɗaya cikin goma na jikin ƙasar ne ruwa ke ratsawa, sai ya zama ruwan yana tafiyar santimita 10 a rana. Taƙi ɗaya bai cika ba. Daga masai zuwa R14, mita 6, kwana 60 ke nan.

Wannan adadi yana da muhimmanci. A Jamus ana shata iyakar kariya a kewayen rijiyoyin gari bisa tafiyar kwana 50, saboda yawancin ƙwayoyin cutar hanji ba sa kai haka da rai a cikin ƙasa. In lissafina ya yi daidai, ƙasarmu tana tace mafi yawan ƙwayoyin kafin su iso. Abin da ba ta tacewa shi ne naitaret, wanda ke fitowa daga fitsari da bayan gida, ya narke, ya bi ruwa duk inda ya je. Hasashena ke nan kafin gwaji, na rubuta shi don kada in zo daga baya in ce dama na sani.

Litinin, 19 ga Mayu

Rana mafi muni tun da na fara.

Mun fita ƙarfe biyar da rabi da kwalabe 20 da aka dafa, da kula cike da ƙanƙara. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta ba ya jira, so ake a tace shi cikin awa shida yana cikin sanyi. Kafin tara mun gama ɗiba, kafin sha ɗaya muna ɗakin gwaje-gwaje. Aka tace mililita 100 daga kowace kwalba ta cikin farar takarda mai ƙananan ƙofofi, aka ɗora a faranti mai abincin ƙwayoyin, aka sa a akwatin ɗumi a kan digiri 44. Sai sun kwana awa 18 a wannan zafi ba sauyi, don a wannan zafin ne ƙwayoyin da suka fito daga hanji ke tsira su bar sauran.

Da daddare aka ɗauke wuta, janareton wurin kuma bai tashi ba. Da safe akwatin ya huce. Farantan sun yi ɗige-ɗige, amma ba wanda zai iya rantsuwa cewa na hanji ne. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, gaskiya kada ka rubuta wannan." Na gode mata da ta faɗa, don da ta yi shiru da na ɗauka na kai wa mutane ƙarya.

Asara: kuɗin gwaji 52,500, ƙanƙara 3,000, keke 5,000. An yi mini rangwamen rabi a maimaici. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne lokaci. So nake in sami awon rani kafin ruwa ya zauna, ga shi an riga an yi ruwa biyu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mun maimaita ɗiba jiya. Na kai batirin sola da inbata na wani abokina na haɗa wa akwatin, na kwana a kan benci a wurin. Zafi bai motsa daga 44 ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Sakamako ya cika, na jera shi daga tudu zuwa fadama.

Gishirin ruwa yana hawa tare da gangare: 180 a R1, 640 a R14, 950 a R17, a ma'aunin da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakarsa 1,000. Naitaret ma haka. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 ne a lita, ƙa'idarmu ta 2007 da aka sabunta a 2015 ita ma 50 ta ce. Rijiyoyin kan tudu tsakanin 12 da 30 suke. Daga R8 zuwa ƙasa duk sun haura 50, R17 ta kai 110. Ruwan yana shigowa unguwa da tsabtarsa, kowane layi ya ƙara masa nasa, mutanen bakin fadama su sha na kowa. Su ne kuma mafi ƙarancin hali a unguwar, don can ne haya ta fi araha.

Burtsatse biyu ƙalau suke. Ta ukun ta ba da naitaret 58, kuma mai ita yana sayar wa 'yan ga-ruwa. Ina zargin ba a yi wa wuyanta siminti ba lokacin haƙa, ruwan sama-sama yana bin bayan bututu yana gangarawa. Mutane sun ɗauka da an ce burtsatse an gama magana. Ba haka ba ne.

Ruwan duk yana da ɗan tsami, 5.6 zuwa 6.4 a ma'aunin pH inda 7 ne tsaka-tsaki, abin da aka saba gani a irin wannan ƙasa. Ƙwayoyin hanji kuwa, ƙa'ida ta ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100. Rijiyoyi huɗu ne suka fita fes. Sauran daga 3 zuwa 40. Abin lura, ba su bi gangare ba kamar naitaret. R4 da ke kan tudu ta fi R16 yawa. R4 ba ta da murfi, gugarta a ƙasa take kwana kusa da turken awaki.

Na ajiye kwalabe shida da aka ɗiga wa asid daga rijiyoyin da ke kusa da masu gyaran batir da garejin kanikawa, don gwajin dalma. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba na wasa da wannan ƙarfe. Kuɗin gwajin ne babu yanzu.

Laraba, 4 ga Yuni

An tsaya sai bayan Babbar Sallah. Kuɗin da aka kashe zuwa yau 187,650.

Asabar, 14 ga Yuni

Damina ta zauna. R3 da ta ƙafe ta kawo ruwa. A bakin fadama ruwa ya hau da fiye da mita ɗaya, a kan tudu santimita 30 kacal. A R17 yanzu mita 2 ne zuwa ruwa, masan layin kuwa Baba ya ce ana haƙa su mita 3. Ma'ana gindin masai yana cikin ruwan da ake sha.

Ranar Laraba, kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi, na ɗebi rijiyoyi takwas kawai saboda kuɗi. R14 da ta ba da ƙwayoyin hanji 22 a Mayu yanzu farantinta ya cika har ba ya ƙirguwa. Wannan ya saɓa wa lissafina. Ruwan da ke tafiyar santimita 10 a rana ba zai kawo wannan cikin dare ɗaya ba. Ko lissafin ne ba daidai ba, ko akwai wata gajeriyar hanya. Maganar Baba ta ramukan gara ta dawo mini.

Asabar, 21 ga Yuni

Gwajin gishiri a R14, da yardar mai gidan. Na narka gishirin miya kilo 5 a jarka huɗu, na zuba a inda ake wanke-wanke, mita ɗaya da rabi daga bakin rijiya, inda daɓen ya farfashe. Kafin zubawa alƙalami ya nuna 610. Na riƙa ɗebo ruwa duk minti 20. Awa ɗaya babu komai. A awa ta biyu 700. Kafin awa uku 880.

Na ɗaura tocila a igiya na zura. A kamu na huɗu, a mahaɗar zoben kankare biyu, ga ruwa yana tsiyaya a bango. Na kira mai gidan na ce, "Kawu, zo ka gani da idonka." Ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Innalillahi. Ruwan wankin yara ke nan muke sha?"

Tafiyar da lissafin Darcy ya ce za ta ci kwana 15 ta faru cikin awa biyu. Lissafin bai yi ƙarya ba, ruwan ne bai bi ta inda lissafin ke aiki ba. Ya bi ta fasasshen daɓe, ya gangara ta bayan zobe inda aka mayar da ƙasa ba a danne ta ba. Yanzu na fahimci ƙazanta ƙofa biyu take shigo mana. Naitaret ta ƙasa yake zuwa, a hankali, daga gidajen sama, kuma mutum ɗaya ba zai iya tare shi ba. Ƙwayoyin cuta yawancinsu ta wuyan rijiya suke shiga, da sauri, kuma wannan mai gida na iya toshewa da siminti buhu biyu. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalarar wata unguwa a Landan har zuwa famfon rijiya ɗaya, daga baya aka tono aka ga ramin ƙazanta bai fi mita ɗaya da ita ba. A 2021 ƙasar nan ta ga mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su. Ina tsaye a bakin R14 waɗannan abubuwa biyu suke ta yi mini yawo a kai.

Mun kwashe rijiyar da inji kafin mu tafi. Haya da mai 12,000, gishiri 3,500.

Lahadi, 29 ga Yuni

Mako guda muna kai wa gidaje sakamakonsu, kowane gida takardarsa da Hausa. Wannan ya fi awo wuya. Wani ya cika kofi ya ɗaga wa rana ya ce, "Dubi, garau kamar hawaye." Na ce masa naitaret ba shi da launi, ba ɗanɗano, ba wari.

A gidan R17 akwai mai jego, jaririn wata biyu. Ƙanwata ta zauna da ita da surukarta. Naitaret ya fi yi wa jarirai 'yan ƙasa da wata shida illa, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Surukar ta ce, "Ai tafasawa muke yi." A nan ne haɗarin yake. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitaret ba ya ƙonewa, ruwa ne ke tafiya a tururi ya bar shi ya ƙara kauri. Alam ba ya cire shi, kulorin ma haka. Ƙanwata ta ce mata, "Inna, nono zalla har wata shida, kada a ba shi ruwan nan ko na rubutu, in dole ne a ɗebo daga burtsatsen makaranta." Ta ce tsohuwar ta yi shiru, sannan ta tambayi ko jarka nawa ce.

Ban gaya wa kowa ya daina amfani da rijiyarsa ba. Jarka ta kai 150 a wurin 'yan ga-ruwa, gida mai mutum goma ba zai iya sayen na wanka da wanki ba. Abin da nake cewa shi ne a raba: na sha da na jarirai daban, na aiki daban.

Mai burtsatse ta uku bai ji daɗin takardarsa ba. Na ce zan sake gwadawa a gabansa, kuɗin a wuyana.

Asabar, 5 ga Yuli

Gyaran R14. Kawu ya sayi siminti buhu biyu, ni na ɗauki yashi, tsakuwa da ladan magini. Baba ya tone kewayen wuyan har mita ɗaya da rabi, ya cika da laka yana dannawa da taɓarya, ya shiga ciki ya liƙe mahaɗun zobe uku na sama. Aka ɗaga bakin ya kai gwiwa, aka yi daɓe mai gangara waje da 'yar kwata da ke kai ruwan nesa, aka sa murfin ƙarfe da ƙugiyar rataye guga. Wurin wanke-wanke ya koma ɗaya gefen gidan. Muka zuba kulorin ya kwana, da safe aka kwashe har warin ya tafi. Duka 58,000, nawa a ciki 31,000.

Asabar, 12 ga Yuli

Awon asuba kawai. Ruwa na ci gaba da hawa. Wayar awo ta tsinke a R12, na ɗaure.

Asabar, 19 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi ranar Talata, na ɗebi R14 da R13 da safiyar Laraba. R13 da ba a taɓa ba, faranti ya cika. R14 ta ba da 4. Ba sifili ba ne, kuma kusan mako biyu bayan kulorin bai isa a yi shela ba, sai na ga ta riƙe haka har ƙarshen Satumba. Naitaret ɗinta 84, a Mayu 81, gyaran bai taɓa shi ba kamar yadda na zata.

Gidaje uku sun aiko suna tambayar Baba nawa zai yi musu. Mai unguwa ya ce in zo in yi bayani a taron masu gidaje ranar Lahadi mai zuwa. Zan tafi da taswirar kibiyoyin ruwa, kuma zan roƙi mutanen kan tudu su zo, don maganar masai tasu ce kafin ta zama ta mutanen fadama. Ina so a fara tattauna yi wa sababbin ramuka daɓen ciki da rage zurfinsu a layukan ƙasa, ko da yake na san kuɗin kwashewa shi zai zama abin gardama.

Malamina yana so in fara gina samfurin tafiyar ruwan ƙasa a kwamfuta da wata manhaja mai suna MODFLOW. Na roƙe shi ya bari sai na sami awon Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke kai ƙololuwa, da gwajin sauƙin ƙasa a R5 da R16. Abin da ya rage a hannuna 41,000. Gwajin dalma na kwalabe shida zai ci 36,000, kuma kwalaben ba za su wuce wata shida ba, don haka shi zan fara biya ranar Litinin. Maimaicin burtsatse ta uku sai albashin ƙarshen wata ya shigo.